Ohtani, Judge, Soto ko Skenes: wa ya kamata ka kama idan yanzu ka fara kallon besbol?

Wani ƙanina da ya fara leƙa besbol bara, bayan da ya gaji da hawan jinin da ƙungiyarsa ta Firimiya ke sa masa duk sati, shi ne ya dame ni da tambaya ɗaya, wai yaya ni fa ba zan iya bin ƙungiya 30 da wasa 162 kowacce ba, ka zaɓa min mutum ɗaya in riƙa binsa, in sayi jesinsa, in kuma mun shiga fantasi, wasan nan da kowa ke zaɓar 'yan wasansa bi da bi a waya a riƙa tara maki da abin da suka yi a fili, shi zan fara ɗauka. Na ce masa ai ka kawo magana mai sauƙi a baki amma mai wuya, don ni kaina na yi shekaru ina canza ra'ayi. To tunda na san ba shi kaɗai ba ne, bari in zube abin da na gaya masa a nan, da ɗan ƙari. Duk alƙaluman da zan kawo zuwa ƙarshen kakar 2025 ne.

Mutum huɗu zan auna, duk a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka: Shohei Ohtani na Dodgers, Aaron Judge na Yankees, Juan Soto na Mets, sai yaro Paul Skenes na Pirates wanda shi ke wakiltar masu tasowa. Kafin wani ya ce ina Bobby Witt Jr., ban manta ba, zai zo can ƙasa.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Na farko tsada. Ba wai kai za ka biya shi albashi ba, amma kwantiragin mutum shi ke nuna maka ko zai zauna a ƙungiyar ko kuwa jesin da ka saya da gumin goshinka zai koma tsohon yayi bayan shekara ɗaya, kuma jesi na asali ya haura dala 100 tun kafin a yi maganar kuɗin kawowa. A fantasi kuma tsada na nufin zagaye na nawa za ka ƙona kafin ka same shi.

Na biyu ƙarko, wato jiki, sau nawa yake kwanciya jinya kuma shekara nawa suka rage masa yana kan ganiyarsa. Na uku sauƙin bi, wannan shi ne wanda 'yan Amurka ba sa sawa a lissafinsu don su ba ya damunsu, amma mu nan shi ne kan gaba: ƙarfe nawa ake wasan a agogonmu, kuma in ka zauna kallo za ka gane abin da ya sa ake yabon mutumin ko sai an yi maka dogon bayani. Na huɗu kasada, abin da zai iya lalacewa.

Lambobi uku kawai nake so ka riƙe don mu fahimci juna. Matsakaicin bugu, idan ka ga .300 ana nufin cikin bugu goma yana dacewa da uku, kuma wannan ƙwararre ne, wasan haka yake, kuskure ya fi dacewa yawa. OPS shi ne haɗin yawan hawa bes, wato kusurwoyin filin da mai bugu ke bi ya zagayo gida ya ci maki, da ƙarfin bugu, ɗan wasa na tsaka-tsaki yana wajen .700 da ɗan ɗoriya, wanda ya kai 1.000 dodo ne. Sai ERA na masu jifa, maki nawa ake ci a hannunsa cikin inin tara, wato zagaye tara na cikakken wasa ɗaya, nan ƙarami shi ne mai kyau, 4 tsaka-tsaki ne, ƙasa da 3 gwani, ƙasa da 2 kuwa sai dai a yi shiru.

Ohtani

Gaskiya in ana maganar waye ya fi kowa, babu wata doguwar muhawara. Mutumin Japan ne, an haife shi 1994, ya buga wa Nippon-Ham Fighters a can gida kafin ya zo Angels a 2018, kuma abin da ya bambanta shi shi ne yana jifa yana bugu, duka biyun a matakin ƙoli, abin da rabon da a gani da gaske tun zamanin Babe Ruth shekara ɗari da suka wuce. Ka ɗauka a ƙwallon ƙafa a ce golan da ya fi kowa kamu shi ne kuma yake takarar takalmin zinare. MVP, kyautar gwarzon ɗan wasan kaka, huɗu gare shi, 2021, 2023, 2024 da 2025, kuma duk huɗun babu ɗan jarida ɗaya cikin masu ƙuri'a da ya sa wani a gabansa. A 2024 da hannunsa bai warke ba bai yi jifa ko ɗaya ba, sai ya huce a kan bugu da gudu, hom ron 54, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili, satar bes 59, wato rugawa zuwa bes na gaba lokacin da ake jifa, mutum na farko da ya haɗa 50 da 50 a kaka ɗaya. A 2025 ya ƙara da 55. Wasan da har yanzu nake komawa in kalla shi ne na huɗu da Brewers a watan Oktoban 2025, ya yi jifa inin shida ba a ci shi ko ɗaya ba, ya fitar da mutum goma da jifa zalla ba su iya bugawa ba, sannan da sandarsa ya buga hom ron uku, a dare ɗaya fa.

Tsada: shekara 10 dala miliyan 700 da Dodgers, ya sa hannu Disambar 2023. Amma akwai wata dabara a ciki, miliyan 2 kacal yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043 za a biya shi, don ƙungiyar ta samu sararin sayo wasu, kuma dabarar ta yi aiki tunda sun ɗauki World Series, kofin zakarun MLB, a 2024 da 2025 a jere. A wajenka ma'anar ita ce jesi mai lamba 17 zai yi maka aiki har 2033. A fantasi kuwa in ba kai ke da zaɓi na ɗaya ko na biyu ba ka cire rai, kuma ka duba dokar manhajar da kuke amfani da ita tun kafin ranar zaɓe, don wasu suna raba shi gida biyu, Ohtani mai bugu daban Ohtani mai jifa daban, sai ka ɗauka ka sayi raƙumi ashe rabi aka ba ka.

Ƙarko: nan ne ake ɗan tsayawa. An yi masa aiki a gwiwar hannun dama sau biyu, 2018 da 2023, sannan kafaɗar hagu ta goce masa a World Series na 2024 lokacin da ya je satar bes, ita ma sai da aka yi aiki. Abin mamakin shi ne duk da haka baya rasa wasa a matsayin mai bugu, 159 a 2024, 158 a 2025, saboda shi ba ya tsaron fili, ya buga ya koma benci ya zauna. Jifan ne ake lallaɓawa, ya dawo a Yunin 2025 kuma inin 47 kawai ya yi kafin wasannin bayan kaka.

Sauƙin bi: to ba a nan gizo ke saƙa ba sai a agogo. Los Angeles, garin Dodgers, tana bayanmu da awa takwas a lokacin kaka, wasan ƙarfe 7:10 na yamma a can, 3:10 na dare ne a Kano da Zinder, 2:10 a Kumasi. Wasa yana cin wajen awa biyu da minti arba'in tunda aka kawo agogon jifa a 2023, ka ga kenan ana kiran asuba ana inin na shida ko na bakwai. Na gwada wannan rayuwar na sati biyu, waya a kan ƙirji, abin ji a kunne ɗaya don kar in tashi mutanen gida, ranar da na buɗe shago ƙarfe goma sha ɗaya ido jawur har maƙwabcina ya tambaye ni ko zazzaɓi ne, ranar na haƙura na koma kallon hailait da safe. Wasa na uku na World Series 2025 da Blue Jays, wanda ya kai inin 18, an fara shi wajen ƙarfe ɗaya na dare a agogonmu, bai ƙare ba sai dab da takwas na safe, yara sun tafi makaranta ana nan ana bugawa. Amma ta ɓangaren fahimta shi ne ya fi kowa sauƙi, ko kakarka ka nuna wa za ta gane wannan yaron daban ne.

Kasada: aiki na uku a gwiwar hannu. In hakan ta faru akwai yiwuwar jifan ya ƙare, ya zama mai bugu kawai, wanda har yanzu babba ne amma ba shi ne abin da ka biyo ba.

Judge

Wannan kuma ƙato ne na gaske, tsawonsa ya ɗan haura mita biyu, nauyi wajen kilo 128, in ya tsaya kusa da mai kama ƙwallo, wanda ke tsugune a bayan mai bugu, sai ka ga kamar uba da ɗansa. Kyaftin ɗin Yankees ne, lamba 99, ƙungiyar da hularta mai NY ta cika kasuwanninmu, da yawa masu sa ta ba su ma san ta ƙungiyar besbol ba ce. In bugu zalla ake magana, ni a ganina ya fi Ohtani, kuma lambobi suna bayana: hom ron 52 a shekararsa ta farko cikakkiya 2017, 62 a 2022 wanda ya karya tarihin Roger Maris na 61 da ya tsaya tun 1961 a American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na MLB, 58 a 2024 da OPS 1.159, sannan a 2025 ya buga 53 kuma ya fi kowa matsakaicin bugu da .331. Mai ƙarfi irin wannan yawanci ba ya haɗawa da yawan dacewa, shi ya haɗa. MVP uku, 2022, 2024, 2025, na ƙarshen ma sai da aka yi ta cacar baki saboda Cal Raleigh na Seattle ya buga 60 yana mai kama ƙwallo, aikin da ya fi kowanne cin gwiwa.

Tsadarsa shekara 9 dala miliyan 360, miliyan 40 a shekara, har 2031, yanzu in ka kwatanta da na Soto sai ka ga kamar Yankees sun yi tsintuwa. Babu alamar zai je ko'ina, Yankees suka ɗauke shi tun daga jami'ar Fresno State a 2013 kuma bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba. Ta fuskar jesi shi ne ya fi kowa kwanciyar hankali. A fantasi shi ma ɗaya ko biyu ne.

Ƙarko shi ne rauninsa. An haife shi Afrilun 1992, shi ne babba a cikin huɗun, kuma manyan jiki irin nasa ba su cika tsufa da kyau a wasan nan ba. Tarihin jinyarsa ma doguwa ce, wuyan hannu a 2018, tsokar haƙarƙari a 2019, a 2023 ya bi ƙwallo da gudu ya daki katangar filin Dodgers ya ji ciwo a babban yatsan ƙafa, wasa 106 kawai ya buga a shekarar kuma Yankees ba su je ko'ina ba. A 2025 ma gwiwar hannu ta ɗan taɓa shi a watan Yuli. Sai dai a yi masa adalci, 2022, 2024 da 2025 duk ya haura wasa 150.

Lokaci kuwa da dama-dama. New York awa biyar ce tsakaninmu, wasan 7:05 na yamma shi ne 12:05 na dare, kafin uku ka kwanta. Ranar Lahadi kuma yawanci da rana suke yi, wajen 1:35 a can, 6:35 na yamma a nan, ka yi magariba ka dawo ka tarar ana inin na biyu, wannan shi ne wasan da nake ba duk sabon shiga shawara ya fara da shi.

Kasadarsa biyu ce. Shekaru, wannan babu makawa. Sai kuma rashin kofi, har yanzu bai ɗauki World Series ba, Yankees rabonsu da shi tun 2009, kuma a wasa na biyar na 2024 ƙwallo mai sauƙi ta suɓuce masa a tsakiyar fili a inin na biyar suna gaba da ci 5 da nema, daga nan komai ya wargaje Dodgers suka ɗauki kofin a gidansu. In ka zama ɗan Judge ka shirya jin wannan gorin daga bakin 'yan Ohtani kullum, ba sa gajiya.

Soto

Shi ne na fi so in yi magana a kansa don shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Ɗan Jamhuriyar Dominika ne, haihuwar Oktoban 1998, ya shigo MLB yana ɗan 19 da Nationals, yana cika 21 a cikin satin da suka ci World Series na 2019. Baiwarsa ido ce. Ba ya kai sanda ga ƙwallon da ba ta shigo inda ya dace ba, sai ya tsaya ya bar ta ta wuce, ya ja ƙafa a ƙasa yana kallon mai jifa kamar zakaran da ke neman faɗa, in aka yi masa huɗu a waje ya ajiye sanda ya taka zuwa bes na farko a kyauta. A 2021 irin wannan tafiyar kyauta ya samu 145, aka fitar da shi da jifa zalla sau 93 kawai, yawan hawa bes ɗinsa .465, kusan rabin zuwansa kenan. A 2024 da Yankees hom ron 41, a 2025 da Mets 43, tare da satar bes 38 da babu wanda ya zata daga mutumin da ba a san shi da gudu ba.

Tsada: shi ne mafi tsada a tarihin wasan, shekara 15 dala miliyan 765, kuma ba irin na Ohtani ba, babu wani jinkirin biya. Mutumin da ya ƙi miliyan 440 daga Nationals a 2022 aka yi ta cewa ya yi wauta, ga shi nan. Amma kafin ya zauna ya yi yawo, Nationals, Padres, Yankees shekara ɗaya tak, sannan ya tsallaka unguwa zuwa Mets, duk wanda ya sayi jesinsa na Yankees yanzu sai dai ya sa a cikin gida. Kwantiragin yanzu zai kai 2039, akwai ƙofar fita bayan 2029 amma Mets na iya rufe ta in suka ƙara masa kuɗi. A fantasi yana fita a zagayen farko amma yawanci bayan waɗancan biyun, kuma in gasarku tana lissafa yawan hawa bes maimakon matsakaicin bugu to darajarsa ta ƙaru sosai.

Ƙarko: nan ya yi wa kowa fintinkau. Wasa 162 a 2023, 157 a 2024, 160 a 2025, ba ya jifa balle a ji tsoron gwiwar hannu, kuma ido shi ne abu na ƙarshe da ke barin mai bugu, gudu ya tafi ƙarfi ya ragu amma sanin wacce za a buga wacce za a bari yana nan. Ya girmi Skenes da ƙasa da shekara huɗu, amma ya riga ya yi kaka takwas.

Agogo iri ɗaya da na Judge tunda gari ɗaya suke. Matsalar sauƙin binsa ta wani wajen ce: hailait ba ya nuna kyawunsa. Babu wanda zai yanko bidiyon mutum yana tsaye yana ƙin bugu ya sa a TikTok. Sai ka zauna ka kalli zuwansa gaba ɗaya, jifa bakwai takwas, ka ga yadda yake gajiyar da mai jifa, sannan za ka gane. Ƙanin nawa da na nuna masa karon farko cewa ya yi wannan ai tsoro yake ji. Bayan wata biyu shi ke turo min saƙo cikin dare.

Kasada: tsaron filinsa bai kai ba, nan gaba ana ganin zai koma mai bugu kawai, shi ya sa a lissafin WAR, wanda ke haɗa bugu da gudu da tsaro wuri ɗaya, yake zama ƙasa da Judge. Sannan Mets ƙungiya ce mai karya zuciya, a 2025 da duk kuɗin da suka zuba sun fara kaka da ƙarfi suka zo suka rasa gurbin wasannin bayan kaka a ranar ƙarshe, kofinsu na ƙarshe kuma tun 1986.

Skenes da maganar yara masu tasowa

Haihuwar 2002, ya fara a makarantar sojan sama ta Amurka ya koma jami'ar LSU, Pirates suka ɗauke shi na ɗaya a diraf, zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi, na 2023, bai cika shekara ba ya shigo MLB a Mayun 2024. ERA 1.96 a shekarar farko, 1.97 a ta biyu da fitar da mutum 216, ya ɗauki kyautar sabon ɗan wasa a 2024 da Cy Young, ta gwanin masu jifa, a 2025. Jifansa yana kai mil 100 a awa, kilomita 160 kenan.

Shi ne mai araha, albashinsa na 2025 bai kai dala miliyan ɗaya ba saboda tsarin MLB yana riƙe yaro shekara shida kafin ya samu 'yancin zaɓar inda zai je. Amma arahar nan ita ce matsalar jesinsa: Pirates ba masu kashe kuɗi ba ne, rabonsu da wasannin bayan kaka tun 2015, sun taɓa sayar da Gerrit Cole wanda shi ma na ɗaya suka ɗauke shi, don haka ni ba zan rantse Skenes zai tsufa a Pittsburgh ba. Ka duba ma, da ERA 1.97 sakamakonsa a 2025 nasara 10 rashin nasara 10 ne, don 'yan bugunsu ba sa ci masa maki. Abu ɗaya da ke ɗan jan zuciyata gare su shi ne su suka fara sa haifaffen Afirka a MLB, Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu, a 2017.

Sauƙin bi: wasanninsu na gida da yawa 6:40 ake farawa, 11:40 na dare a nan, ya fi na kowa. Kuma shi mai jifan farko sau ɗaya yake fitowa a kwana biyar ko shida, wasa 32 a 2025. Wani zai ga wannan naƙasu ne, ni kuwa ga mai aiki da safe gani nake alheri ne, dare ɗaya a sati za ka sadaukar, kuma a daren kusan awa biyu kyamara na kansa, ba irin mai bugu da za ka jira minti arba'in ya zo ya yi minti biyu ya tafi ba.

Kasada kuwa ita ce mafi girma, kuma ba laifinsa ba ne, jijiyar gwiwar hannun ɗan Adam ba a yi ta don jifan mil 100 sau ɗari a dare ba. Aikin da ake kira Tommy John, sunan mai jifan da aka fara yi wa a 1974, yana cin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Stephen Strasburg shi ma na ɗaya aka ɗauka a 2009 da irin wannan hayaniyar, a shekararsa ta farko jijiyar ta tsinke, ya dawo ya ci kofi a 2019, aka ba shi miliyan 245, daga nan jiki ya ƙi, abin da ya jefa bayan sa hannun bai kai inin 35 ba. Zuwa ƙarshen 2025 dai Skenes lafiyarsa ƙalau, Allah ya sa ya ɗore.

In kuma kana tunanin gangarawa ƙasa ga yaran da ba su ma shigo ba, don ka ce ni na san shi tun kafin a san shi, to ka sani caca ce. Mark Appel na ɗaya aka ɗauka a 2013, bai taka MLB ba sai 2022. Jackson Holliday da ake ce wa lamba ɗaya cikin masu tasowa ya shigo a 2024 ya dace sau 2 cikin bugu 34 aka mayar da shi ƙaramar gasa ya ƙara nuna. A gefe guda Nick Kurtz na Athletics, an ɗauke shi 2024, a 2025 ya buga hom ron 36 har da huɗu a wasa ɗaya. Babu mai gaya maka tun farko wanne za ka samu.

| | Ohtani | Judge | Soto | Skenes |
|---|---|---|---|---|
| Haihuwa | 1994 | 1992 | 1998 | 2002 |
| Kwantiragi | miliyan 700, har 2033 | miliyan 360, har 2031 | miliyan 765, har 2039 | albashin yaro, babu dogon kwantiragi zuwa 2025 |
| Kakar 2025 | hom ron 55, ya dawo jifa | .331, hom ron 53 | hom ron 43, sata 38 | ERA 1.97 |
| Jiki | aiki biyu a gwiwar hannu, ɗaya a kafaɗa | jinya jefi-jefi, shekaru sun fara ja | garau | garau, amma mai jifa ne |
| Wasan gida a agogon Najeriya | 3:10 na dare | 12:05 na dare | wajen 12:10 na dare | 11:40 na dare, sau ɗaya a sati |
| Babbar kasada | aiki na uku | tsufa | tsaron fili, da ƙungiyarsa | jijiyar hannu, da sauya ƙungiya |

Witt da na yi alkawari: ɗan 2000 ne, yana tsaron tsakanin bes na biyu da na uku wa Kansas City Royals, ya sa hannu shekara 11 kan kusan miliyan 289, a 2024 ya yi .332 da hom ron 32 da sata 31, Judge ne kawai ya hana shi MVP. Na cire shi daga teburin ne don in ka zaɓe shi da wuya ka samu abokin musu a nan kusa, kuma rabin daɗin abin nan musun ne. Amma a fantasi in waɗancan sun ƙare kafin layi ya zo kanka, ɗauke shi ido rufe.

To wa ya dace da wa

In kai mai hailait ne, da safe ka buɗe YouTube kana shan shayi minti goma ka wuce, ɗauki Ohtani, matsalar agogo ba ta shafe ka ba, kuma kusan kowane sati zai ba ka abin turawa a guruf. Haka ma mai aikin dare, mai gadi ko ma'aikacin asibiti, ƙarfe uku ba komai ba ne a wajenka.

In kana son kallon wasa kai tsaye kuma kana son ƙungiya mai tarihi da jama'a, da jesin da ba zai ba ka kunya ba, Judge ne, amma ka shiga da sanin cewa shekara uku ko huɗu masu kyau kake saye, ba goma ba. A fantasi na kaka ɗaya ma shi zan ɗauka in an raba Ohtani biyu.

In gasarku irin wadda ake riƙe ɗan wasa shekara da shekaru ce, ko kuma kana so ka koyi wasan da gaske har ka riƙa gane abin da ke faruwa tsakanin mai jifa da mai bugu, Soto. Shi na zaɓa wa ƙanina, don ɗan shekara 22 ne, zai iya bin mutum ɗaya har ya yi aure ya haihu yaran su fara tambaya waye wannan mai lamba 22.

Skenes na mai dare ɗaya ne a sati, kuma mai zuciyar da za ta iya ɗaukar mummunan labari da safe. Ka bi shi, ka kalle shi, ka ɗauke shi a fantasi in ya faɗo zagaye na biyu, amma kuɗin jesin ka riƙe tukuna har a ga inda zai sa hannu.